Faɗuwa Ɗaya, Sai Gida

Ɗalibanmu da yawa suna buga ƙwallon kwando da yamma, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa a Amurka, inda aka ƙago wasan, akwai wata gasa ta jami'o'i wadda takan ɗauke hankalin jama'a duk watan Maris, har suka yi mata laƙabi da Haukan Maris. Ƙungiyar wasannin jami'o'i da ake kira NCAA ita ke shirya ta. Tana da doka mai tsanani, wato duk jami'ar da aka doke sau ɗaya sai ta tattara kayanta ta koma gida. Wasu suna cewa babu adalci a wannan doka. Ni kuwa ina ganin ita ce ta ba gasar daraja.

Shi wasan kansa malamin makaranta ne ya ƙago shi, James Naismith, a shekarar 1891, domin ɗalibansa su sami abin motsa jiki a cikin ɗaki lokacin sanyi. Gasar kuwa sai a 1939 aka fara ta, da jami'o'i takwas kacal. Oregon ta doke Ohio State da maki 46 da 33 ta ɗauki kofi, kuma waɗanda suka shirya gasar asara suka yi. A lokacin ma wata gasa da ake yi a birnin New York, mai suna NIT, ta fi ta suna. A hankali aka riƙa ƙara yawan masu shiga, aka kai 16 a 1951, 32 a 1975, 64 a 1985, sannan 68 a 2011.

To, ga abin da nake so mai karatu ya lura da shi. A wasannin shekara, babbar jami'a tana iya kauce wa wadda ba ta so ta haɗu da ita. A wannan gasa kuwa ba zaɓi, duk wadda jadawali ya haɗa ka da ita, da ita za ka kara, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A zamanin wariyar launin fata wannan ba ƙaramin abu ba ne. A jihar Misisipi akwai al'adar hana jami'o'in Turawa yin wasa da ƙungiyar da ke da baƙar fata, shi ya sa jami'ar Mississippi State ta sha ƙin zuwa gasar ko da ta cancanta. A 1963 'yan wasanta da kocinsu suka sulale daga jihar a ɓoye, domin kada takardar kotu ta riske su ta hana su tafiya. Suka je suka kara da Loyola ta Chicago, wadda huɗu daga cikin 'yan wasanta biyar na farko baƙaƙe ne. An doke su 61 da 51, amma sun buga, kuma Loyola ce ta ci kofin shekarar.

Bayan shekara uku, a 1966, wata jami'a da ba ta da suna sosai, Texas Western, ta kai wasan ƙarshe. Kocinta Don Haskins ya fara wasan da baƙaƙe biyar, abin da ba a taɓa yi ba a wasan ƙarshe. Abokiyar karawarsu Kentucky ta riga ta ci kofin sau huɗu, kuma ba ta da baƙar fata ko ɗaya. Texas Western ta ci 72 da 65, mutanen ƙasa suna kallo a talabijin. Da a ce ƙuri'ar 'yan jarida ce ke fitar da zakara, ko yawan kofunan baya, da wannan wasa bai auku ba.

Masu sukar dokar suna da hujja, kuma babu wanda ya fi mu 'yan Nijeriya sanin ɗacinta. A 1983 Hakeem Olajuwon, wanda ya tashi a Legas, yana buga wa jami'ar Houston, wadda kowa ya yarda ita ce kan gaba a ƙasar. Suka haɗu da North Carolina State, wadda aka doke har sau goma a shekarar. Ana dab da tashi wani ɗan wasanta, Lorenzo Charles, ya cafe ƙwallon da ba ta kai kwando ba ya zura ta, wasa ya ƙare 54 da 52. An zaɓi Olajuwon gwarzon gasar, amma kofi ya kuɓuce masa, haka kuma a 1984 Georgetown ta sake hana shi. Na tabbata da an yi wasa bakwai tsakanin jami'o'in nan biyu, Houston ce za ta yi rinjaye. Sai dai irin wannan tsari manya yake karewa, domin mai kuɗi da dogon benci shi ke jure doguwar karawa. Wanda kuma ya fi kowa da gaske, faɗuwa ɗaya ba ta cika kama shi ba. Koci John Wooden na UCLA ya ci kofi goma tsakanin 1964 da 1975, bakwai daga ciki a jere, a ƙarƙashin wannan dokar dai.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne kuɗi. A 2010 gidajen talabijin na CBS da Turner suka amince su biya dala biliyan 10.8 domin nuna gasar shekara goma sha huɗu. Inda irin wannan dukiya take, manyan jami'o'i ba za su daina neman ƙarin gurbi wa kansu ba. A ganina ko me za a canza, kada a taɓa gurbin da ake ba zakaran kowane rukuni kai tsaye, komai ƙanƙantarsa. Ta wannan ƙofa UMBC ta shigo a 2018, tana ta goma sha shida a sashenta, ta lallasa Virginia ta ɗaya da maki 74 da 54, abin da bai taɓa faruwa ba a gasar maza. A 2023 kuma Fairleigh Dickinson, wadda 'yan wasanta suna cikin mafi gajarta a ƙasar, ta fitar da Purdue 63 da 58, alhali Purdue tana da ɗan wasa mai tsawon ƙafa bakwai da inci huɗu.