Bayan Windows 10: wace manhaja za ta riƙe tsofaffin kwamfutocinmu?

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10, babbar manhajar da ya fitar a 2015. Kwamfutocin ba su mutu ba, suna kunnuwa suna aiki kamar jiya. Abin da ya sauya shi ne, duk kafar da ɓarayin intanet suka gano daga yanzu, ba za a toshe ta ba sai ga wanda ya shiga wani shiri na musamman. Shirin ma, ga talakan mai kwamfuta, an tsara shi ne zuwa 13 ga Oktoba 2026, ko dai a biya dala 30, ko a haɗa na'urar da asusun Microsoft.

A Turai da Amurka, gardamar Windows, Linux da macOS takan zama tamkar ta magoya bayan ƙwallo, kowa na yabon nasa. A Garwa, Injamena, Kumasi ko Maraɗi kuwa, mutum ba kasafai yake zaɓa ba. Yawancin kwamfutocin shagunan buga takardu da makarantu na hannu ne, sun shigo ta tashoshin Duwala, Kwatano, Lome ko Tema, kuma abin da mai gyara ya zuba musu, da shi ake tafiya.

A nan ne matsalar take. Windows 11, da ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa: wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na takwas zuwa sama ko makamanciyarta, wato kusan ƙirar 2017 zuwa yau. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara saboda haka. Wanda ya san kasuwar gwanjo ya san inda kayan da Turai ta gaji da su suke dosa. Sauƙin kuɗin zai ja mai saye, amma araha ba ta ado.

Haɗarin ba na zato ba ne. A watan Mayu 2017, cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, ta hanyar kafar da Microsoft ya riga ya toshe wata biyu kafin nan. Waɗanda ba su sauke gyaran ba su ne suka kwana ciki. Shagon da ke ajiye hotunan fasfo, takardun haihuwa da na makaranta na ɗaruruwan mutane yana riƙe da amanar da ta fi kuɗin na'urar.

Masu goyon bayan Linux na ganin damarsu ce ta zo. Manhajar, wadda Linus Torvalds ɗan ƙasar Finlan ya fara a 1991, kyauta ce, kuma nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint na tafiya lafiya a kan tsofaffin na'urori tare da samun gyaran tsaro. Suna kuma da hujja daga manyan hukumomi: jandarmomin Faransa sun fara komawa Ubuntu tun 2008, sannan jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 zuwa LibreOffice da Linux.

Sai dai akwai ɗaya gefen. Birnin Munich ya shafe shekaru a kan Linux, amma a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows. Mai zana katin biki ko allon talla da CorelDRAW ko Photoshop ba zai same su kai tsaye a Linux ba. Takardar da aka tsara a Word takan ɗan goce idan aka buɗe ta a LibreOffice, abin da ke iya ɓata wa ɗalibi kundin kammala karatu. Uwa uba, idan na'urar buga takarda ta ƙi aiki, mai gyaran unguwa Windows ya sani. Ita kuwa macOS, a kan kwamfutocin Apple kaɗai aka yarda ta hau, kuma tsadarsu ta fitar da ita daga lissafin mafi yawan jama'a.

Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin abin dubawa. Allon rubutu a ƙasashen da ke amfani da Faransanci AZERTY ne, a Gana da Najeriya kuma QWERTY. Babu ɗayansu da ke ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a fuskarsa. Windows da Linux duka suna da tsarin allon Hausa a ciki, sai dai a kunna shi. Ke nan wannan ba dalilin fifita ɗaya a kan ɗaya ba ne, rashin sani ne ke sa ƙugiyoyin ke faɗuwa daga rubutunmu.

Abin da ya kamata ya raba gardama shi ne aikin da na'urar ke yi. Makarantar da ke koyar da buga rubutu da bincike a intanet za ta iya tsawaita ran kwamfutocinta da Linux, kuma ana iya gwada ta daga filasha ba tare da an goge komai ba. Mai shagon zane da ba zai rabu da Windows 10 ba, gara ya cire waccan na'urar daga intanet, ya riƙa kwafe ayyukansa a wani wuri. Mai shirin saye kuma, kafin ya tambayi kuɗi, ya fara tambayar ko na'urar tana karɓar Windows 11 ba tare da dabara ba.

Sauran aikin na cibiyoyin koyar da kwamfuta ne da ƙungiyoyin matasa. Muddin unguwa ba ta da mai gyaran da ya iya Linux, mai tsohuwar na'ura zai ci gaba da zama a kan Windows 10, ko da an gaya masa ƙofarta a buɗe take.