Dashen Kitse a Fuska: Kafin a Kira Shi Gayu, a Buɗe Bakin Yaranmu

Ana yawan maganar dashen kitse a kwanakin nan, wato likita ya zuƙo kitse daga ciki ko cinyar mutum, ya tace shi, sannan ya ɗura shi da siririyar allura a kumatun da suka faɗa ko ƙarƙashin idon da ya zurma. Da mutanenmu sun ji sai su ce aikin masu hannu da shuni ne waɗanda ba sa son tsufa. Akwai masu yin sa don haka. Amma ba daga kwalliya aikin ya samo asali ba. A shekarar 1893 wani likitan Jamus, Gustav Neuber, ya ɗebi kitse daga hannun majinyaci ya cike ramin da ciwon ƙashi ya bari a fuskarsa. Sai a shekarun 1990 Sydney Coleman na birnin New York ya kyautata hanyar tacewa da ɗurawa kaɗan-kaɗan, wadda ake bi har yau.

Tunda kitsen na mai shi ne, jiki ba ya ƙin sa, sai dai yakan shanye wani kaso cikin watanni, har a sake aikin. Idan kuma ya shiga jijiyar jini yana iya makantar da mutum. Saboda haka kada kowa ya miƙa fuskarsa ga mai shagon gyaran jiki. Wannan aikin likitan tiyata ne.

Mu a nan ƙasar Haɗejiya, fuskar da ta fi damunmu ita ce ta yaro ɗan shekara biyu zuwa shida wanda ciwon noma ya kama. Yakan fara da kumburin dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ya huda kunci, ya ci leɓe, wani lokaci har hanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara goma da ba a yi wa magani ba, tara na mutuwa, kuma a watan Disamba na 2023 ta saka shi cikin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Wanda ya rayu yakan girma da muƙamuƙi a ɗaure, ba ya iya tauna, ana ɓoye shi a ɗaka.

Ga irin waɗannan aka kafa asibitin yara masu ciwon noma na Sakkwato a 1999, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa tun 2014, kuma aiki kyauta ne. A can sai an fara ciyar da yaro ya murmure, sannan a yanko fata da tsoka daga wani sashe na jikinsa a toshe ramin, sau da yawa a tiyata fiye da ɗaya. Dashen kitse, inda ake yin sa, na ƙarshe ne, don daidaita kuncin da ya lotsa. Yaron da tamowa ta tsotse, ina za a samo kitsen a jikinsa?

Abubuwan da ke share wa ciwon noma hanya kuwa mun san su: tamowa, ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro, rashin tsaftar baki. Duk wanda ya ga yadda ambaliyar 2022 ta shafe shinkafa da gero a Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma, ya san waɗannan ne ke biyo bayan ruwa. Iyali su tare a makaranta, rumbu ya tafi, rigakafi ya tsaya saboda hanya ta yanke. Uwa ta ga kuncin ɗanta ya kumbura, a ce mata iska ce, a nufi mai magani, alhali a wannan matakin maganin kashe ƙwayoyin cuta, wankin baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ciwon. Ba na ganin laifinta; ba wanda ya taɓa nuna mata alamar.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa da Masarautar Haɗejiya: duk ma'aikacin da ke auna damtsen yaro ko ɗiga masa rigakafi, a koya masa ya buɗe bakinsa ya duba dasashi. Wanda ciwon ya riga ya ɓata wa fuska, gwamnati ta ɗauki nauyin kai shi Sakkwato. Ke kuma uwa, in kin ga dasashin ɗanki na jini yana wari, kai shi asibiti a ranar.