Maimakon Sayen Furojek, Mu Haɗa Manhajojinmu Dara

Duk wanda yake bin titin Matan Fada da la'asar sakaliya, ya ratsa ta layukan Nassarawa GRA, da wuya ya rasa ganin masu gadi a gindin darbejiya sun haƙa gurabe a ƙasa, wannan riƙe da tsinkaye, wancan da 'yan duwatsu. Dara suke yi. Ran nan na tsaya kallo, sai wani dattijo a cikinsu ya ɗago kai ya ce, "Ɗan boko, zauna mana." Na zauna. Wasa uku muka yi, duk ukun ya share ni tas. Da zan tashi ya tambaye ni abin da nake karantawa, na ce kimiyyar kwamfuta. Ya ce, "To ita kwamfutar taku ta iya dara?" Na ce, "Baba, ai sai an koya mata." Ya yi murmushi ya ce, "Wa zai koya mata, tunda kai ma ba ka iya ba?"

Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Ita ce ta sa na ɗauki biro don in kawo wa ƙungiyarmu ta ɗalibai shawara guda: a makon ɗalibai mai zuwa, bayan ƙwallo da kacici-kacici, a saka gasar dara tsakanin manhajojin da mu da kanmu muka rubuta. Kowace tawaga ta kawo tata, a haɗa su a allo ɗaya, mutum ya naɗe hannu ya zuba ido.

Kada wani ya ɗauka sabon abu na ƙago. Tun 1974 aka yi gasar duniya ta farko ta manhajojin ces, wato darar Turawa, a birnin Stockholm, inda wata manhajar Tarayyar Sobiyet mai suna Kaissa ta zo ta ɗaya. A 1989 aka fara wata gasar a Landan wadda ta haɗa wasanni iri-iri, ba ces kaɗai ba. Abin da ya fito daga irin wannan karawa duniya ta gani a watan Mayun 1997, lokacin da Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a New York da ci 3½ da 2½, alhali shekara guda kafin nan shi ne ya doke ta da ci 4 da 2. A watan Maris na 2016 kuma AlphaGo ta kamfanin DeepMind ta ci Lee Sedol wasa 4 cikin 5 a wasan Go, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu.

Daga nan ɗan Adam ya zama ɗan kallo, na'urori suka koma kan junansu. A ƙarshen 2017 aka sanar da sakamakon karawar AlphaZero da Stockfish: a wasa 100, AlphaZero ta ci 28, aka yi canjaras 72, ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Abin mamakin shi ne dokokin wasan kawai aka ba ta, ta yi ta bugawa da kanta har ta gwanance. Su kuma masu Stockfish ba su zauna kukan an ci su ba. A 2020 suka shigar da wata dabarar auna matsayi da suka aro daga masu rubuta manhajar shogi, darar Japan, ƙarfinta ya ƙaru sosai. Ku lura da wannan: Stockfish kyauta ce, lambobinta a buɗe suke ga kowa, 'yan sa-kai ne ke gina ta. Duk wanda ya kawo gyara, sai an haɗa sabon zubin da tsohon sun buga dubban wasanni. In ya nuna fifiko a karɓa, in bai nuna ba a watsar, ko da wane ne ya kawo shi.

Nan ne abin ya shafe mu. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'yan uwa. A manyan makarantun ƙasar nan kowa ya san yadda furojek ɗin ƙarshe yake zama ga ɗalibai da yawa. A je shagon buga takardu, a zaɓi take, a canza sunan makaranta da na ɗalibi, a yi masa bango mai kyau, a haddace babi na ɗaya da na biyar don ranar kare shi. Ni kaina an taɓa yi mini tayin irinsa, har da ragi wai don mu biyu ne, kuma ban ce raina bai biya ba. Irin wannan aiki ana iya lulluɓe shi da Turanci mai daɗi a wuce. Allon dara kuwa ba ya jin Turanci. In manhajarka ta sa ɗa a gurbin da doka ta hana, alƙali zai kore ta a gaban kowa. In ba ta hangen gaba, za a cinye ta cikin minti biyu abokanka na kallo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kuma aikin bai fi ƙarfin ɗan ND II ba. Ga yadda abin yake a taƙaice. Darar da aka fi sani tana da gurabe 30, layi 5 sau 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Da farko ana zuba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa gurbi ɗaya gaba, baya ko gefe. Wanda ya jera uku a layi ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Manhaja tana wasa ne ta hanyar tambayar kanta: in na tura nan, me zai yi, in ya yi haka ni kuma me zan yi? Tana zaɓar hanyar da ko abokin karawa ya yi iya ƙoƙarinsa, ita ce da riba. Sunan dabarar minimax, kuma tun 1950 Claude Shannon ya bayyana yadda za a yi amfani da ita a ces. Matsalar ita ce rassan suna yawa da sauri. Zubin farko zaɓi 30 ne, na biyu 29. Kafin a zuba 'ya'ya huɗu hanyoyin sun kai 657,720, a na shida sun haura miliyan 427. Dole ka koyi datse rassan da ba su da amfani, dole kuma ka koya wa manhajar yadda za ta dubi allo ta ce wannan matsayi ya fi wancan. Wanda ya yi wannan da hannunsa ya fahimci abin da ake koya mana a darasin tsara bayanai da algoridim fiye da wanda ya haddace handawut sau goma.

To me ya sa dara, ba ces ba? Saboda a ces an riga an yi mana nisa, kuma kowa zai iya sauko da Stockfish daga intanet ya canza mata suna. Diraf mai gida 64 ma an gama da shi: a 2007 Jonathan Schaeffer da tawagarsa a Jami'ar Alberta ta Kanada suka tabbatar cewa in ba wanda ya yi kuskure canjaras ake tashi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne awari, ɗan uwan ayo da Yarabawa ke bugawa. Wasan Afirka ne, amma a Amsterdam ta ƙasar Holan aka warware shi a 2002, bayan masu bincike biyu sun lissafe matsayi sama da biliyan 889. Ba laifinsu ba ne, sun ga aiki sun yi. Amma in muka ci gaba da zama, wata rana a wata jami'ar Turai za mu karanta sirrin darar da kakanninmu suka bar mana, mu kwafo mu sa a babi na biyu.

Akwai kuma ribar da ba ta cikin kwamfuta. Dara ba ta da doka ɗaya a ko'ina. Ana yin ta a ƙasar Hausa, ana yin ta a ƙasar Zuru, Zabarmawa ma suna da tasu a Nijar, kuma ana samun bambanci kan girman allo da kan wane ɗa ya halatta a cire. Manhaja ba ta san "ai haka muke yi a garinmu" ba, sai an rubuta mata komai dalla-dalla. Ke nan kafin a buga layin farko dole mu je mu durƙusa gaban dattawa irin Baban nan, mu tambaya, mu rubuta. Dabarar auna matsayi ma a bakinsu take: su suka san gurbin da ake rige-rigen kamawa tun a zubi, da irin jerin da ɗa guda zai riƙa kai-komo yana ci a kowane taku. Yaranmu na unguwa yanzu ludo da wasan waya suka sani. In ba a rubuta ba, da masu ita za ta tafi.

Na san abin da za a ce. Na farko, wai dara ɓata lokaci ce, wasu ma su haɗa ta da caca. Damuwar tana da tushe, shi ya sa gasar ba za ta kasance da zubin kuɗi ko fare ba, kuma in an kira salla a rufe laftof. Na biyu, wai ba wuta, ba kayan aiki. Manhajar dara ba ta buƙatar intanet ko babbar na'ura, tsohuwar laftof mai riƙe caji na awa biyu ta isa, kuma za a yi duk wasannin a kan kwamfuta ɗaya don kada mai tsadar na'ura ya fi ɗan talaka. Na uku, wai yara za su sa ChatGPT ya rubuta musu. To su sa mana. Kowa yana da shi a waya, don haka ba zai fifita kowa ba. Sai dai bayan wasa alƙalai su kira kowace tawaga ta yi bayanin abin da ta rubuta, a canza doka guda nan take a ce su gyara cikin minti 30. A nan ake gane mai kaya da ɗan dako. Na huɗu, wai dara ba ta ba da aiki. Gaskiya ne ba kamfanin da zai ɗauke ka don buga dara. Amma binciken hanya mafi kyau cikin zaɓi masu yawa shi ne aikin manhajar da ke tsara jadawalin jarrabawa ko hanyar motar rarraba kaya. Wanda ya je neman aiki da abin da ya gina, yana gudu a gaban mai tambaya, ya fi mai takarda zalla.

Abin da nake roƙon shugabannin ƙungiya ba shi da yawa. A kafa ƙaramin kwamiti ya tattaro dokoki ya fitar da su a shafi ɗaya, da Hausa da Turanci. A roƙi malami ɗaya ko biyu daga sashen kwamfuta su duba manhajar alƙalanci. Kowace tawaga mutum uku, kuma a buɗe ƙofa ga 'yan injiniya, 'yan lissafi da ƙididdiga, mata da maza. A ba kowace manhaja daƙiƙa 5 ta yi taku, kowa ya kara da kowa sau biyu ana musayar mai farawa. Bayan gasa a ajiye duk lambobin a buɗe, 'yan baya su ɗora a kai. Furojekta ɗaya da zaure ɗaya sun wadatar.

Sannan wasan ƙarshe: manhajar da ta zo ta ɗaya ta kara da gwanin dara na gaske. Ni na san wanda zan je in gayyato, da girmamawa da kuɗin mota. A shekarar farko, ina kyautata zaton Baba zai cinye ta, ɗalibai su yi ta ihu. Ba komai, Kasparov ma ya ci a 1996. Mu dai mu fara, don in ya sake tambayata wa zai koya wa kwamfuta dara, in samu abin faɗa masa. Allah Ya ba mu sa'a.