Sanin Kwalba Ba Shan Ta Ba Ne

Na san da jin kan maganar nan wasu za su ce shi kuma Alhaji me ya haɗa shi da zancen barasa, ko dai zaman Owerri ne ya fara taɓa shi. To a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, in ya so sai a yanke mini hukunci.

Abin da ya jawo maganar shi ne rasuwar mahaifin mai gidan da muke haya. Duk wanda ya zauna da Ibo ya san biso a wurinsu ba aikin yini ɗaya ba ne, gawa takan yi watanni a ɗakin sanyi ana tara kuɗi da dangi. Mu tara ne 'yan haya a gidan, uku Hausawa, kuma ni na fi kowa daɗewa. Sai aka kawo mini takardar abin da 'yan haya za su kai: akuya, doya, katan-katan na lemo, da kwalba biyu ta abin da suke kira "hot", wato mai zafi. Na ce a soke wannan layin, mu Musulmi ne. Don kada a ce mun yi rowa, na aika Ama Hausa aka sayo mini goro mai kyau, fari tas, na kai da kaina ina jin na yi bajinta. Ƙanin mamacin, dattijo mai kimanin shekara tamanin, ya karɓa ya yi godiya, ya tura gefe. Daga baya ɗan mai gidan ya ja ni waje ya ce, "Alhaji, ka yi ƙoƙari, amma goronku mai ɓari biyu na ci ne kawai, ba a addu'a da shi a wurinmu. Kuma kwalbar da ka soke ba don maye aka rubuta ta ba, ita ce gaisuwar." Ranar na gane shekara da shekaru ina zaune da mutane ban san abin da ke cikin kwalbarsu ba, balle abin da take nufi.

Ra'ayina tun daga lokacin shi ne, jahiltar abu ba tsoron Allah ba ne. Ba na sha, ba na saye, ba na ɗauka wa kowa, don malamai sun sanar da mu cewa tsinuwar ba kan mai sha kaɗai ta tsaya ba, ta haɗa da mai saye da mai sayarwa da mai dakonta. Amma mu da muke zaune a garuruwan da ake sayar da ita kusa da mai shayi, dole mu san iri-irinta, kamar yadda makiyayi ke sanin ciyawar da ke kashe saniya.

Giyar da Turawa ke kira jin ba irin burkutu ba ce da ake jiƙa dawa a bar ta ta yi tsami. Ita bayan hatsin ya yi tsami sai a dafa shi, a tare tururin, a sanyaya shi ya koma ruwa fari kamar na famfo. Wannan ruwan shi ne zallar barasa. Sai a ba shi ƙamshi da 'ya'yan wani itace na ƙasashen sanyi mai suna junifa, wanda daga sunansa a bakin mutanen Holan da Faransa aka samo kalmar jin ɗin kanta. Giyar kwalba da ake sha a mashaya barasar cikinta wajen kashi 5 ce cikin ɗari. Jin kuwa takan kai kashi 40, wani lokaci ta wuce. Mai karatu ya riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

Wadda aka rubuta mana a takarda ita ce mai kwalba kore mai kusurwa huɗu, wadda ake rubuta Schnapps a jikinta, mutanen nan kuma ke ce mata shinaf. Asalinta jin ɗin Holan ce, musamman ta wani gari mai suna Schiedam, kuma ta fi ta Ingila nauyin ɗanɗanon hatsi, in ji masu sha. A ƙarni na 19 jiragen ruwa daga Holan da Jamus suka riƙa sauke ta akwati-akwati a gaɓar tekun nan ana musanya ta da manja. Ta yi yawa har ta zama kuɗi. Akwatin jin kan wuce daga hannu zuwa hannu shekaru ba a buɗe shi ba, a biya bashi da shi, a biya sadaki da shi, kamar yadda kakanninmu suka yi da wuri. Gwamnatin Turawa ta Kudu kuwa babban kaso na kuɗin shigarta daga harajin barasa yake fitowa, shi ya sa ko da 'yan mishan suka yi ta kuka har aka kafa kwamitin bincike a 1909, cinikin bai tsaya ba. Arewa kuma aka sa ta cikin yankin da aka hana shigar da irin wannan barasa bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890, Lugga ya tsaya a kan hanin. Dalili ke nan da iyayenmu suka sauko kudu fataucin goro da shanu ba su san kwalbar nan ba, mu ma muka gaji rashin sanin.

Abin lura a nan, kuma shi ya fi ba ni mamaki, abin da dattawan nan ke kira al'adar kaka da kakanni a jirgin Bature ya zo. Kafin zuwansa da bammi suke yi. A hankali kwalbar ta tashi daga abin shan masu kuɗi ta koma abin da ake zuba wa ƙasa a kira sunayen magabata, a wurin aure, ko sayen fili, ko naɗin sarauta, ko biso. Yau kamfanonin gida ne ke yin mafi yawanta, irin su Seaman's, kuma da sunan abin addu'a ake tallarta. Wannan ya ƙara mini dalili na biyu na ƙin kai ta, don zuba wa matattu abin sha ana roƙonsu ba hanyarmu ba ce. Amma kuma ya nuna mini cewa al'adar da ta iya karɓar kwalbar Holan za ta iya karɓar wani abin a madadinta, muddin wanda ya kawo ya san darajar abin da yake maye wa gurbi. Ni ban sani ba, shi ya sa na kai goro.

Iri na biyu ita ce wadda ake rubuta London Dry a jikinta, irin su Gordon's da aka fara yi a Landan a 1769. Sunan ba ya nufin a Landan aka yi ta, salon yi ne kawai, ana yin ta a ko'ina har a nan Najeriya. Kalmar "dry" kuwa ita ce ta taɓa yaudarar wani yaro ɗan acaba da na sani, ya rantse mini wai busasshiya ce, an cire mata abin maye. Abin da kalmar ke nufi shi ne ba a sa mata sukari ba, shi ke nan. A dokar Turai ma ba a kiran ta da wannan suna sai barasarta ta kai kashi 37.5. Akwai wasu ire-iren, kamar Old Tom mai ɗan zaƙi, amma da wuya ka gamu da su a wuraren da muke zaune, don haka na wuce su.

Na uku ita ce ogogoro, wadda wasu ke ce wa kai-kai ko ruwan Sapele. Jin ake ce mata a baki, amma babu junifa a cikinta, bammi ne ake dafawa a ganga a tare tururinsa ta bututu. Ta bazu ne a shekarun 1930 lokacin da ta waje ta yi tsada, Turawa suka yi ta kama masu yin ta. Matsalarta babu ma'auni, babu takarda a jiki, ƙarfinta ya danganta da hannun mai dafawa da kuma imanin mai sayarwa. In aka gauraya ta da sinadarin metanol, wanda na masana'antu ne, sai ta makantar ko ta kashe. A Afrilun 2015 mutum kusan ashirin suka mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo, sannan a watan Yuni na shekarar gommai suka mutu a Jihar Ribas, duk a kan wannan.

To ga inda abin ya shafe mu kai tsaye, ya ma fi zancen biso muhimmanci. Yaranmu da ke sauka daga tirela kullum, 'yan acaba da 'yan dako da masu gyaran takalmi, yawancinsu ba za su taɓa shiga mashaya ba, kunya ma ba za ta bar su ba. Amma a tasha akwai mace mai faranti cike da kwalabe, saiwoyi da sassaƙe a jiƙe a ciki, ta ce wannan na basir ne, wannan na ciwon baya, wannan na zazzaɓi, wannan na ƙarfin maza. Yaro ya ga saiwa, ya tuna tsimin da kakarsa ke ba shi, ya kafa kai. Ruwan da aka jiƙa saiwar da shi kuwa sau da yawa ogogoro ne ko jin. Wasu masu sayarwar suna da na ruwa zalla, amma sai ka tambaya. Ko zancen wai jin na maganin zazzaɓin cizon sauro, asalinsa Turawan Ingila ne a Indiya da ke shan kwinin, ɗacinsa ya dame su suka riƙa haɗa shi da jin don ya shiga. Kwinin ne maganin, jin ɗin rakiya ta yi.

Sai kuma 'yar leda. Mu dawo kan lissafinmu: leda mai mililita 30 ta barasa mai kashi 40, guda uku sun fi babbar kwalbar giya mai mililita 600 yawan barasa. Yaron da zai rantse bai taɓa riƙe kwalba ba yana iya tsotse uku kafin ya ɗauki fasinjan farko, da sunan korar sanyin asuba. Hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da masu kamfanoni a 2018 cewa za a daina ƙulla barasa a leda da ƙananan kwalabe 'yan ƙasa da mililita 200, ta kuma sanar da fara aiki da hanin a Fabrairun 2024, aka yi ta ja-in-ja a kai. Ni dai ban ga dalilin da za mu zauna jiran hukuma ba. Sarakunan Hausawa da limamanmu, maimakon wa'azin haramcin giya kawai, wanda kowane yaro ya riga ya sani, su ɗauko ledar nan a fanko su nuna wa baƙin da suka sauka inda ake rubuta "alc" da lamba da alamar kaso. Wanda bai iya karatun boko ba yana iya gane lamba. Na faɗi haka a wani taro, wani malami ya ce kawo irin wannan abu kusa da masallaci rashin ladabi ne. Na ce Allah gafarta Malam, a yi a ƙofar gidan Sarki mana.

Game da bisonmu kuwa, wani ɗan'uwa ya ba da shawarar mu ba maƙwabtanmu Kirista kuɗi su sayo kwalbar, mu dai ba mu taɓa ba. Ban yarda ba, don a ganina wayo ne da ba ya ɓoye wa Allah komai. Na koma wurin dattijon nan da ɗan mai gidan yana yi mini tafinta, na ce, "Baba, na san kwalbar nan girmamawa ce, kuma mamaci ya cancanci girma, amma addinina bai bar ni in kawo ta ba. Mu Hausawa uku za mu ɗauki akuyar gaba ɗaya, mu sa ta zama babba." Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko a Ama Hausa ana samun goronsu mai ɓari huɗu. Na ce hannunruwa ke nan, ana samu. Ya ce in haɗo da guda takwas, sauran 'yan hayan su ji da kwalbarsu.