Ba Kowane Ganyen Bakin Danga Ne Magani Ba

Da zarar damina ta kankama a Bakori da ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, sai kangaye da bakin danga su cika da tafasa da lalo da gasaya. Iyayenmu mata sun daɗe suna tsinkar waɗannan ganyaye su yi kwaɗo ko miya, kuma ni ba na ganin aibu a cikin haka, domin abinci ne mai gina jiki a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Damuwata tana farawa ne daga inda aka ɗauki ganyen da ba a tantance ba, aka dafa, aka ɗura wa marar lafiya da sunan magani.

Matsala ta farko ita ce kamanni. Tafasa da rai ɗore 'yan gida ɗaya ne, sau da yawa a fili ɗaya suke fitowa. Ganyen tafasa mai zagayayyen baki ne, bibbiyu sau uku a kan reshe. Na rai ɗore kuwa mai tsini ne, ya fi yawa, kuma yana da wari idan an murza shi. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta ƙasar Indiya an yi shekaru ana rasa ƙananan yara sakamakon wata cuta mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa, kafin likitoci su gano cewa cin 'ya'yan rai ɗore ne sanadi. Haka zaƙami yake ruɗa hankali ya tsananta bugun zuciya, ƙaron tumfafiya kuma yana iya illata ido.

Ta biyu ita ce wurin da ganyen ya tsiro. Yankinmu na noman masara da auduga ne, kuma kusan kowane manomi yana feshin maganin ciyawa da na ƙwari. Ganyen da aka tsinko a gefen gonar da aka yi wa feshi jiya, ko a bakin kwata, wanki ɗaya ba ya tabbatar da tsabtarsa.

Ta uku ita ce awo. Wani zai ce ai magungunan asibiti ma daga tsirrai aka samo su. Gaskiya ne: sinadarin artemisinin da ke cikin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau daga tsiro aka fitar da shi, kuma a kan wannan aiki ne Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami lambar yabo ta Nobel a 2015. Amma ƙwayar da muke bayarwa an san adadin abin da ke cikinta, ana kuma ba yaro gwargwadon nauyinsa. Tukunyar jiƙo fa, wa ya san ƙarfinta? Ganyen farkon damina da na ƙarshenta ma ba ɗaya ba ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jinkiri. Na taɓa ganin uwa ta kawo ɗanta bayan kwana uku ana ba shi jiƙon ganye da sirace, ya riga ya fara jijjiga, alhali gwajin jini na minti 20 da ya nuna zazzaɓin cizon sauro tun ranar farko. An ce rigakafi ya fi magani, to gaggawa ma rabin magani ce.

Saboda haka shawarata ga iyalai ita ce: ku ci ganyen da kuka sani a matsayin abinci, daga wuri mai tsabta. Kada a ba jariri ko mai juna biyu jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya ajiye ƙwayoyinsa don zogale ko shuwaka, kuma idan yana haɗawa ya faɗa wa likita ko mai harhaɗa magani ba tare da jin kunya ba. Yaro mai zazzaɓi a kai shi gwaji a ranar. Idan kuwa wani ya ci abin da ya rikita shi, a tafi asibiti da ragowar ganyen a hannu, domin shi zai nuna mana inda za mu fara. Allah Ya ba mu lafiya mai ɗorewa.