Ma'aunin Masu Da'awar Sanin Gobe

Jama'a, Nasaran farko suna da waɗansu mutane da suke kira annabawa, masu yawo gari gari. Ɗayansu, Agabas, ya gargaɗi mutanen Antakiya da zuwan yunwa a zamanin Kaisar Kalaudiyas, suka tara gudummawa suka aika Yahudiya. Da maƙaryata suka shiga rigar, sai littafinsu Didake ya kafa ma'auni: baƙon da ya zauna kwana uku, ko ya roƙi kuɗi, maƙaryaci ne.

To, masu fassara gobe a kasuwannin Lolo da Tsamiya fa? Talaka yakan sayar da akuyarsa ya biya su. Mu auna su da wannan mudu. Sanin gaibu sai Allah. Allah ya kiyashe mu, amin.