Sharhi: Makafi da Neman Aure ta Waya, Wa Ke da Ikon Cewa Eh ko A'a?

Yau za mu taɓo wani batu da ba kasafai ake tayar da shi a bainar jama'a ba, wato yadda makafi da masu raunin gani ke neman abokan zama ta wayar hannu, da haɗarin da ke tattare da hakan. Matsayin wannan sharhi guda ɗaya ne. Duk kariyar da za a ba makaho ko makauniya a wannan fage, wajibi ne ta ƙara musu sani da ikon yanke wa kansu hukunci. Kariyar da ta ƙwace musu wannan iko kuwa, an gudu ne ba a tsira ba.

Mu fara da yawan waɗanda abin ya shafa. Binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.13 masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yawanci saboda yanar ido da hawan jinin ido. A Arewa maso Gabas adadin ya kai kashi 6.1 cikin 100, fiye da ninki biyu na Kudu maso Yamma. Wannan lissafi bai haɗa da samari da 'yan mata ba. A da, da'irar auren makaho ƙuntatacciya ce: unguwar da makafi suka fi yawa, ko makaranta irin ta Gindiri a Filato da ta Tudun Maliki a Kano, ko kuma wanda dangi suka kawo aka ce a yi haƙuri da shi. Waya ta faɗaɗa wannan da'ira. Tun 2009 wayar iPhone ke zuwa da VoiceOver, wayoyin Android kuma suna da TalkBack, manhajojin da ke karanta wa mutum abin da ke kan fuskar waya. Saƙon murya na WhatsApp ya ƙara sauƙaƙa lamarin. Yau makauniya tana zaune a ɗakinta tana iya shiga zauren masu dalilin aure a Facebook, a ji hankalinta da iliminta kafin a san tana riƙe da sanda.

Inda gizo ke saƙa shi ne, kusan duk dabarun kare kai da ake koya wa masu neman aure ta intanet, don mai ido aka tsara su. Ana cewa ki duba hotonsa da kyau, ki kwatanta da sauran hotunan shafinsa, ki sa ya kira ki ta bidiyo. To mu kalli abin ta ɓangaren wadda ba ta gani. Saurayi ya turo hoto, manhaja ta sanar da ita cewa hoto ya shigo, shi ke nan. Facebook ya fara bayanin hotuna da kansa a 2016, amma iyakarsa ya ce akwai mutum a tsaye yana murmushi. Ba zai gaya mata cewa hoton na wani bawan Allah ne aka sato ba. Kiran bidiyo ya fi wannan rashin daidaito. Shi yana ganin fuskarta da suturarta da cikin ɗakinta, ita kuwa ba ta san ko shi kaɗai ne ba, ko abokansa na gefe suna kallo, ko ma yana naɗar kiran da wata waya. Ga kuma matsalar harshe. Sau da yawa waɗannan manhajoji da muryar Turanci suke karanta rubutun Hausa, lafazi ya fito a karkace, har mai waya ta gaji ta miƙa wa ƙanwarta ko ɗan jagora ya karanta mata. Daga wannan lokaci sirrinta ya bar hannunta, kuma wanda ya karanta saƙon soyayya shi zai karanta lambar sirrin da banki ya turo.

Wannan ya kawo mu ga zuciyar maganar, wato yarda. Addini da doka sun haɗu a kan cewa yardar mutum ita ce ginshiƙin aure. A Sahihul Bukhari akwai labarin Khansa'u bint Khizam, wadda mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ta kai ƙara, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Shari'a ta kuma halatta wa masu neman juna su ga juna, malaman fiƙihu suka ce wanda bai samu damar gani ba yana iya aika amintacce ya gano masa. Hikimar a fili take: kada a yi cinikin biri a sama. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka amince da ita a 2006, Nijar ta tabbatar da ita a 2008, Najeriya kuma a 2010, ta tanadi haƙƙin sirri a sashe na 22, da haƙƙin aure bisa cikakkiyar yarda a sashe na 23. Idan muka haɗa waɗannan, za mu ga yarda ba ta cika sai da abu uku: mutum ya san abin da ake ciki, ya yi shawara ba tare da an tsaya a kansa ba, ya kuma iya janyewa duk lokacin da ya ga dama. Wanda ya naɗi kiran makauniya ba tare da ya gaya mata ba ya rushe na farko. Wanda ke bin saƙonninta ba da izininta ba ya rushe na biyu.

Na ukun ya fi fitowa fili a ranar haɗuwa. Mun saba a titi da kasuwa, mutum ya cafki hannun makaho ko bakin sandarsa ya ja, ba sallama ba tambaya, da sunan taimako. Ƙa'idar jagora da masu horar da makafi ke koyarwa ita ce a fara tambaya, in ya yarda shi ne zai riƙe hannun mai jagora a saman gwiwar hannu, ya saki lokacin da ya so. A wajen zance wannan ƙa'ida ta fi nauyi, domin taimako na iya zama mayafin taɓa jikin da ba a ba da izini ba. Haka nan wanda ya karɓi sandar yarinya ya jingine ta inda hannunta ba zai kai ba, ko ya ce wurin da aka yi alkawari ya cika, a hau adaidaita sahu a koma wani wurin da ba ta sani ba, ya hana ta ikon tashi ta tafi, ko da bakinsa cike yake da daɗin magana. Nauyin kuma yana kan ɓangarorin biyu. Saurayi makaho ba ya ganin ɗaure fuska ko ja da baya, don haka shirun budurwa ba hujja ba ne a wurinsa. Sai ya tambaya da baki, a ba shi amsa da baki.

Wani zai ce wannan duk baƙon abu ne, mu a al'adarmu iyaye ke nema wa 'ya'yansu, zance kuma a zaure ake yi. Gaskiya ne cewa waliyyi da shaidu da sadaki ba su da madadi, kuma ba wanda ya ce waya ta maye gurbinsu. Amma haɗuwa daban, ɗaurin aure daban. Masu ido da yawa a yau ta waya suka fara sanin juna, daga baya aka ce saurayi ya turo magabata, aka yi bincike, aka sa rana. Ba adalci ba ne a buɗe wa kowa wannan ƙofa a rufe wa wanda ya fi kowa ƙarancin ƙofofi. Hasali ma al'adar a turo magabata babban makami ce a hannun makauniya, domin mayaudari da wuya ya yarda a san gidansu.

Wani kuma zai ce makafi sun fi saurin faɗawa tarko, gara a hana su, ko a sa wani ya riƙe wayar. Mai wannan magana yana da hujja. Wani nazari da mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa manya masu buƙata ta musamman sun fi sauran mutane fuskantar cin zarafi da kusan ninki ɗaya da rabi. Sai dai ido bai taɓa hana a damfari kowa ba. A Amurka, hukumar kare masu sayayya ta ce a 2022 kusan mutum 70,000 sun kai ƙorafin damfarar soyayya, da asarar dala biliyan 1.3. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Najeriya saboda karɓar kuɗi da barazanar yaɗa hotunan tsiraici. Jarin ɗan damfara kaɗaici ne da kunya. Yana neman wanda ba shi da abokin shawara, wanda in an cuce shi ba zai iya faɗa ba. Yarinyar da aka ce kada ta kuskura ta yi saurayi a waya za ta yi a ɓoye, ranar da aka yi mata barazana kuma tsoron gida zai rufe mata baki. Hanin da aka yi don kare ta ya zama abin da mugu ya dogara da shi.

Akwai kuma masu cewa ai makaho kunnensa ya ishe shi, daga murya yake gane mutumin kirki. Wannan yabo ne mai haɗari. Kunne yana gane muryar da ya saba da ita, amma ba ya auna gaskiyar baƙo, kuma a yau ƙirƙirarriyar basira tana kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren saƙo. Sannan ga tambayar da makafin kansu ke tattaunawa: yaushe za a faɗa wa wanda ake magana da shi cewa ba a gani? Rubuta wannan a fuskar shafi na iya jawo masu neman mai rauni, don haka mutum na da damar jinkirtawa har ya natsu. Amma kafin magana ta kai ga haɗuwa ko alkawari, faɗi ya zama dole, domin yardar ɗaya ɓangaren ma sai da sani take cika.

To mene ne abin yi? Mai neman aure ya zaɓi amintaccensa da kansa, mutum ɗaya da zai duba masa hotuna da shafi a lokacin da ya nema, ya kwatanta masa abin da ya gani ba ragi ba ƙari, ya kuma riƙe sirri. Manhajar Be My Eyes, wadda ta fito daga Denmark a 2015, tana haɗa makaho da masu sa kai, amma baƙi ne, ba a nuna musu katin banki. Kada a aika kuɗi ko katin waya ga wanda ba a taɓa haɗuwa da shi ba, kada a aika hoton da ba a tabbatar da abin da ke cikinsa ba, a kashe kyamara har sai an shirya. Haɗuwar farko ta kasance a gida ko wurin da makahon ya san hanyarsa, da sanin wani nasa, da kuɗin motarsa a aljihunsa, da sandarsa a hannunsa. Iyaye su zama wurin da za a fara kai kuka ba tare da tsoron gori ba.

Hukumomi ma akwai nasu. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, da hukumar ƙasa da aka kafa a 2020 don aiwatar da ita, bai kamata su tsaya kan matakalar gine-gine ba. Ofisoshin 'yan sanda da na Hisba su koyi karɓar ƙorafin makauniya ba tare da tambayarta yadda ta gane wanda ba ta gani ba, domin lambar waya da saƙon murya da shaidar tura kuɗi duk hujjoji ne. Ƙungiyar Makafi ta Najeriya da sarakunan makafi su shirya horo kan tsaron waya da Hausa, masana fasaharmu kuma su ba da himma wajen samar da murya mai karanta Hausa daidai, domin duk saƙon da makaho ya karanta da kansa ya rage masa dogaro da wani. Masu dalilin aure a intanet su tilasta rubuta bayani a ƙarƙashin kowane hoto, su kuma tantance masu shiga zaurukansu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana rage haɗari ba tare da ya taɓa haƙƙin makaho na zaɓar wanda zai zauna da shi ba, kuma wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna kowace shawara da shi.